John Jay: kujerar alƙalin alƙalai ko ta gwamna?

A 1795 John Jay, alƙalin alƙalan Amurka na farko, ya ajiye muƙaminsa ya zama gwamnan New York. Yau sai a ce ya yi wauta, amma a lokacin kotun ƙoli ba ta da kwarjini. Alƙalai shida ne, babu ginin kansu, shari'o'i kaɗan, ga wahalar zagaya jihohi a keken doki. Babban hukuncinsu na 1793 ma, wanda ya ba mutum damar kai ƙarar jihar da ba tasa ba, gyaran tsarin mulki ya rushe shi.

Gwamna kuwa ikonsa a hannu yake. A kujerar ce Jay ya sa hannu kan dokar 'yanta bayi sannu a hankali a 1799. Da shugaban ƙasa John Adams ya sake miƙa masa alƙalancin a 1800, ya ƙi, sai John Marshall ya samu.