Tsohuwar Z420 da zaɓin kanel: wanda na tsaya a kansa da waɗanda na watsar

Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga masu shagon buga takardu da ɗaliban zanen gine-gine: na sayi babbar kwamfutar aiki ta hannu, Windows 11 ta ƙi hawa, an ce in sa Linux, to wanne? Ba laifin akwatin ba ne. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel ta zuriya ta 8 zuwa sama, su HP Z420 da Dell Precision T3600 kuwa 'yan 2012 ne, yayyensu Z400 da T3500 kuma 'yan 2009. Ƙarfe ne na gaske da aka ƙera don ya kwana yana aiki, har yau yana jan kaya. Abin da nake ce wa kowa shi ne, sunan Linux ɗin ba shi ne farkon magana ba. Kanel ne farko, domin shi ke magana da furosesa da faifai da katin hoto, kuma a kansa tsohuwar na'ura ke miƙewa ko ta durƙushe.

Kafin ka zaɓa, san zuriyar furosesarka. Z400 da T3500 suna ɗauke da Xeon na Nehalem ko Westmere, Z420 da T3600 kuma Sandy Bridge, waɗanda suka biyo baya Ivy Bridge. Duk cikinsu babu mai AVX2, wasu ƙarin umarnin lissafi na furosesa, wannan sai daga Haswell ta 2013. Da harshen masu manhaja, sun kai matakin x86-64-v2, ba su kai v3 ba. Rubuta /lib64/ld-linux-x86-64.so.2 --help, can ƙasa za ka ga matakan da na'urarka ke iyawa. Wannan kaɗai ya fitar da RHEL 10, Linux ɗin kamfanin Red Hat, daga lissafi, domin v3 take nema. AlmaLinux 10 ta yi wa masu v2 nasu gini daban, Allah ya saka musu, amma ba inda zan aika mai shago ba ne.

Nawa zaɓin shi ne kanel ɗin da Debian ke zuwa da shi, yadda yake, ba ƙari ba ragi. Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da kanel 6.1, Debian 13 kuma a Agustan 2025 da 6.12, dukansu daga layin da ake daɗewa ana kula da shi. Abin da ya ɗaure ni gare shi shi ne ba ya motsi. Shekara biyu, shekara uku, lambar farko tana nan, gyaran tsaro kawai ke shigowa. Tsohuwar na'ura ba ta da abin da take jira daga sabon kanel. Katin sadarwar Z420 na Intel ne, direbansa e1000e ya daɗe da nuna. Ramukan faifai na ƙarin nan da aka rubuta wa SCU a jikin allo, direban isci ke tuƙa su, yana ciki. Sarrafa gudun furosesa, intel_pstate ya san Sandy Bridge, tsofaffin kuma acpi-cpufreq ya riƙe su. Har direban da ke ƙirga kurakuran RAM mai ECC (mai gyara kuskure da kansa), sb_edac, yana nan yana jira. Yawancinsu an gina su a matsayin gutsattsarin da ba sa hawa sai an buƙace su, saboda haka maganar da ake yi cewa kanel ɗin gama-gari yana da nauyi, a faifai nauyin yake, ba a aiki ba.

Tsakanin 6.1 da 6.12, katin hotonka ne alƙali, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Yawancin akwatunan nan da katin Quadro na Nvidia suke zuwa. In Quadro 600 ne ko 2000 ko 4000, zuriyar Fermi ke nan, direban Nvidia na ƙarshe da ya san su shi ne layin 390, an kuma daina kula da shi tun ƙarshen 2022. Ka haƙura da nouveau, direban da ke cikin kanel, zai ba ka hoto lafiya amma ba zai ɗaga gudun katin ba. In K600 ne ko K2000 ko K4000, Kepler ke nan, layinsu 470, shi ma Nvidia ta daina kula da shi a 2024. Debian 12 tana da shi a rumbunta da sunan nvidia-tesla-470-driver, an daidaita shi da 6.1, Debian 13 kuwa ba ta zo da shi ba. Don haka mai Kepler da ke son direban Nvidia, ya zauna a Debian 12, ana kula da ita har tsakiyar 2028. K620 da K2200 kada harafin K ya ruɗe ka, Maxwell ne, su direban Nvidia da ke rumbun Debian 13 ya san su, su tafi 6.12 kai tsaye. Mai katin FirePro W5000 ko W7000 na AMD shi ya fi kowa hutawa, direbansa a cikin kanel yake. Da kansa direban radeon zai hau, in yana son Vulkan, sabuwar hanyar zana hoton 3D, ya ƙara radeon.si_support=0 amdgpu.si_support=1 a layin GRUB, manhajar da ke tayar da kanel.

Gyaran da nake yi bayan an ɗora bai wuce uku ba. Na farko intel-microcode, gyaran da Intel ke yi wa furosesa, wanda tun Debian 12 yana cikin sashen non-free-firmware, domin BIOS ɗin yawancin akwatunan nan ba a taɓa sabunta shi ba. Na biyu zram-tools, mai matse bayanai a cikin RAM, in RAM ɗin bai wuce 8GB ba. Na uku linux-headers-amd64, don DKMS ya samu abin da zai sake gina direban Nvidia da shi duk lokacin da gyara ya shigo. Akwai na huɗu da ake ta yaɗawa, mitigations=off, wanda ke kashe kariyar da aka saka bayan tonuwar Meltdown da Spectre, ɓarakar tsaro a furosesa, a Janairun 2018. Gaskiya ne tsofaffin Xeon sun fi jin nauyin kariyar, kuma kashe ta na rage musu kaya. Amma in kwamfutar shago ce da kowa ke zama ya buɗe shafin da ya ga dama, ya shiga asusun bankinsa, bar ta a kunne. Wadda ke lungu tana sarrafa bidiyo ba intanet, wannan kai da ita.

Sauran zaɓuɓɓukan ba za su ci mini lokaci ba. Kanel ɗin HWE na Ubuntu don sababbin na'urori aka yi shi, yana tsalle kusan duk wata shida, akwatin 2012 ba ta da abin ci a wannan tsallen. In Ubuntu ce dole, zauna a kanel ɗin da ta zo da shi, 6.8 a 24.04. Liquorix na masu wasa ne, yana bin sabon kanel sau da ƙafa, wata safiya za ka tashi direban 470 ya ƙi ginuwa. XanMod yana da gini na v2, amma na ga waɗanda suka kwafi umarnin v3 daga bidiyo suka kunna suka ga baƙin allo. Kanel mai PREEMPT_RT, wanda aka shigar cikin babban layi a 6.12, na masu injinan masana'anta ne da wasu masu ɗaukar sauti, ba zai sa firintarka ta yi sauri ba.

Sai harhaɗa naka da hannu, kuma nan ni ma na taɓa ƙonewa. Na karanta cewa make localmodconfig yana duba abin da lsmod ya nuna, ya zubar da duk direban da ba a hau ba. Na yi shi da daddare, bayan na gwada harhaɗa kanel da cikakken tsarin Debian an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, inbata kuma ba ta iya jan akwati mai tukunyar wuta ta wat 600 na tsawon lokaci. Na localmodconfig ɗin kuwa kafin shayina ya huce ya gama. Na kunna, ya tashi, na ji kamar na ci sarauta. Washegari wata Hajiya ta shigo da filashi za a buga mata takardun makarantar 'yarta. Na soka, shiru. Babu usb-storage, babu exfat, domin daren jiya ba filashi a jiki. Na ce to bari in jona wayata in sauko da abin da ya ɓace, ita ma shiru, rndis_host ya tafi tare da su, ni kuwa intanet ɗina gaba ɗaya ta igiyar waya yake zuwa. "Malam, ko in je in dawo?" ta tambaya. "A'a Hajiya, minti biyu." Abin da ya cece ni shi ne ban goge tsohon kanel ba, na koma GRUB na zaɓe shi.

In dai sai ka yi, to ka soma daga tsarin Debian da ke /boot, ka jona duk abin da ka mallaka kafin ka taɓa localmodconfig, firinta, filashi, waya, kyamara, har da linzamin ajiya. Ka ƙara LMC_KEEP="drivers/usb:drivers/net/usb:fs" don a bar maka waɗannan sassan. Kashe DEBUG_INFO, shi ke cin lokaci da faifai. Yi amfani da make bindeb-pkg don abin ya fito a matsayin kunshin da apt ya sani. Bayan duk wannan wahala, ribar da na gani 'yar ragin lokacin tashi ce, a aikin yau da kullum ban ji bambanci ba, ga shi kuma kowane gyaran tsaro ya zama nawa ne in bi. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Don koyo yana da kyau ƙwarai, don shago a'a.

Duk wannan lissafin yana tsayawa ne a kan cewa abin da aka ce maka yana cikin akwatin shi ne a ciki, kuma a kasuwar kayan hannu wannan ba tabbas ba ne. Don in rabu da rigimar 470, na je wani shago na sayi kati da aka rubuta wa GTX 1050 Ti, da kwalinsa mai sheƙi. "Wallahi Oga sabon shigowa ne, jiya aka sauke," in ji yaron shagon, ya ma nuna mini sunan a Windows ɗinsu. Na dawo na soka, sabon direban Nvidia ya ƙi shi ƙememe. Na bar nouveau ya hau, na rubuta dmesg | grep nouveau, sai ga NVIDIA GF106. GTX 1050 Ti na gaske GP107 ne. GF106 kuwa GTS 450 ne na 2010, wato Fermi, wanda ya girmi Quadro ɗin da na cire. Sun sake rubuta BIOS ɗin katin ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba, amma nouveau daga jikin guntun yake karantawa. Alamar ma tana bayan katin tun farko, shuɗin ramin VGA, alhali katunan zuriyar Pascal ba sa fitar da hoto ta wannan tsohuwar hanya. Da na koma, mai shagon ya ce, "Malam, kai ne ka sa masa wannan Linus ɗin naka ya lalace." Rabin kuɗina na samu bayan sa bakin maƙwabcinsa.

Tun daga ranar ba na cinikin biri a sama. Filashi mai Debian da ke tashi ba tare da an ɗora ba yana aljihuna, kuma mai kayan da ya hana ni kunna shi ya riga ya ba ni amsa. Furosesa nake fara dubawa da lscpu. In sunan ya fito Genuine Intel CPU da jerin sifili maimakon lambar Xeon, samfurin gwaji ne na injiniyoyi, a murfinsa za ka ga Intel Confidential, ba don sayarwa aka yi shi ba, kuma intel-microcode ba lallai ya san shi ba. RAM kuma dmidecode -t memory ke tona shi. Mai ECC na gaske faɗinsa gaba ɗaya 72 ne a kan 64 na bayanai, in ka ga 64 da 64 an cire na asali an cusa na gida. Faifai, smartctl -a zai nuna awannin da ya yi yana aiki, ko da yake masu wayo suna iya share wannan, shi ya sa sifili a faifan da jikinsa ya ƙoƙe ya fi tsorata ni da babbar lamba. Akwai kuma allunan da ake kira X79 marasa sunan kamfani, da ake cusawa a akwati a ce maka kwamfutar aiki ce. Da yawansu guntun H61 ko B75 ne a ciki, lspci zai faɗa maka, kada ka biya kuɗin C602, guntun da ke allon Z420, a kansu.

Na Z420 akwai nasa tarkon daban. Za a ce maka tana ɗaukar Xeon v2, wato na Ivy Bridge, ka saya da niyyar ƙara mata ƙarfi nan gaba. Shiga BIOS da F10, duba kwanan watan da ke gaban Boot Block Date. In na Maris 2013 ne, gaskiya aka faɗa maka. In na Disambar 2011 ne, v2 ba zai tashi a kanta ba ko sau nawa ka sabunta BIOS, kuma babu kanel ɗin da zai gyara wannan. Haka wanda ya ce maka za ta tashi daga faifan NVMe kai tsaye. Kanel zai ga faifan ta katin PCIe, zai yi aiki da shi, amma BIOS ɗinta bai san shi ba, dole GRUB da /boot su zauna a faifan SATA.

Sai jabun da ba ƙarfe ba. Ana yawo da fayilolin kanel da ISO a zaurukan Telegram da WhatsApp, wai an tace su don tsofaffin kwamfutoci, gudu ninki biyu. Kanel shi ne abin da ke ganin kowane harafi da ka danna, har lambar sirrinka, ba ka san wanda ya harhaɗa shi ba, ba ka ga tsarinsa ba. Masu gyara ma wasu da irinsu suke ɗora wa mutane, su karɓi kuɗin aiki. Sauko da naka daga debian.org, ka gwada shi da sha256sum a kan fayil ɗin SHA256SUMS da ke kusa da shi. In wani ne ya ɗora maka, rubuta uname -r a gabansa. Na Debian 12 zai soma da 6.1.0, na 13 da 6.12, duka su ƙare da amd64. In ka ga wani laƙabi a wutsiyar, tambaye shi daga ina ya samo kafin ka miƙa masa kuɗi.