Mai maƙala ɗari da mai maƙala talatin: wa za ki bi a digiri na uku?

Ƙanwata, tambayarki ta shafi mutane da yawa a zauren nan, shi ya sa na ga gara in amsa a fili. Ga waɗanda ba su gani ba: ta gama digiri na biyu a fannin gwaje-gwajen asibiti, tana son neman na uku a Jami'ar Bayero, kuma malamai biyu ne a ranta. Na farkon farfesa ne, a shafinsa na Google Scholar maƙalunsa sun haura ɗari, ambaton da wasu maƙalu suka yi wa aikinsa dubbai ne. Na biyun dakta ne, bai kai farfesa ba tukuna, maƙalunsa talatin ne da 'yan kai, amma yawancinsu suna cikin PubMed da Scopus, rumbunan da ke jera maƙalun zaɓaɓɓun mujallu, kuma yana aiki da wata jami'a ta ƙasar waje. Tana son sanin wanda ya fi ƙarfi a bincike. Ba ta kama suna ba, don Allah kada kowa ya shiga canke-canke.

Da farko dai, lambobin da kika jera ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Kin duba farfesan a Google Scholar, kin duba daktan a Scopus. Duka biyun a 2004 suka fito, amma aikinsu ya sha bamban. Google Scholar na'ura ce mai yawo a intanet, duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi sai ta kwashe: maƙala, kundin digiri, taƙaitaccen jawabin taro, babi a littafi, har takardar da babu masanin da ya tantance ta. Scopus na kamfanin Elsevier ne, kwamiti ne ke zaɓar mujallun da za su shiga, kuma suna korar mujalla idan ta lalace. Kamar awon gero ne a Dawanau, wani ya auna da ƙaiƙayi, wani ya auna bayan an sheƙe. Kusan kowane malami za ki tarar lambarsa ta Scopus ta gaza ta Google Scholar. Ki buɗe su biyun a wuri guda, sannan mu san tazarar gaskiya.

Akwai kuma matsalar da ta fi damun mu 'yan Arewa. Google Scholar yana iya jibga wa mutum maƙalun duk wanda sunansu ya zo ɗaya, idan mai shafin bai tsaya yana tacewa ba. Ki ƙirga masu suna Abdullahi da Muhammad da Ibrahim da Sani a jami'o'inmu kaɗai. Sai ki ga masanin ƙwayoyin cuta da maƙala a kan simintin gini ko bankin Musulunci a shafinsa, shi ma bai sani ba. Don maganin wannan aka kafa ORCID a 2012, lamba mai gurbi 16 da ke bin mutum ɗaya duk inda ya buga aiki.

Ma'aunin h, wanda kika ce na farfesan ya ninka na daktan, wani masanin kimiyyar fiziks ne a Kalifoniya mai suna Jorge Hirsch ya kawo shi a 2005. Idan aka ce na mutum 15 ne, yana da maƙala 15 da kowacce aka ambata aƙalla sau 15. Yana da amfani, don maƙala ɗaya tilo da ta yi tashe ba za ta ɗaga shi ba, tarin maƙalun da ba a karantawa ma haka. Sai dai lamba ce da shekaru ke ciyarwa, ba ta komawa baya ko da mutum ya daina shiga ɗakin gwaji. Wanda ya fara bugawa tun kina firamare dole ya wuce wanda ya fara shekara goma da suka wuce. A shafin Google Scholar akwai layi na biyu mai nuna shekaru biyar na baya-bayan nan kawai. Wannan layin ya fi gaya miki wanda hannunsa ke cikin aiki yanzu.

Yanzu ga inda nake so ki ɓata lokaci. Ki jera maƙalun kowannensu daga wadda aka fi ambata, ki buɗe biyar na sama, ki nemo inda sunansa ya faɗo. A fanninmu al'adar ita ce sunan farko na wanda ya yi yawancin aikin ya rubuta, sunan ƙarshe na jagoran da ya riƙe binciken, na tsakiya kuma masu taimako ne gwargwadon hali. Akwai manyan maƙalu, irin na lissafin nauyin cututtuka a duniya da cibiyar IHME ta Jami'ar Washington ke jagoranta ana bugawa a Lancet, babbar mujallar likitanci ta duniya, waɗanda marubutansu ɗaruruwa ne, jerin sunayen kaɗai ya ci shafuka. Maƙala ɗaya cikinsu tana iya tara ambato dubbai, kuma kowane mai suna a ciki za a rubuta masa dubban nan cif. Shiga irin wannan aiki babu laifi, ana ba da bayanai ana duba lissafi. Amma idan kika cire uku ko huɗu irinsu daga shafin mutum kika ga dubban sun koma ɗaruruwa, to kin san inda ƙarfin yake. Wannan gwajin ki yi wa su biyun, domin daktan mai abokan waje shi ma yana iya zama na goma sha bakwai cikin mutum ashirin a duk maƙalunsa. Scopus ma yana da wurin da za ki danna a cire ambaton da mutum ya yi wa kansa.

Kada a ce na raina mujallun gida. Annals of African Medicine da ake fitarwa daga Sakkwato tana cikin PubMed, haka Nigerian Journal of Clinical Practice. Mujallar kimiyya ta Bayero, BAJOPAS, tana kan AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998. Likitan da ke son sanin irin ƙwayar cutar da ta daina jin magani a asibitocin Kano, a irin waɗannan zai samu, Lancet ba ta da lokacinsa. Kuma fanni ya bambanta da fanni: mai aiki a kan ƙanjamau ko daji yana da dubban abokan sana'a da za su ambace shi, mai aiki a kan tsargiya ko ciwon noma mai cin naman baki da fuska, wanda sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, masu karanta shi 'yan ƙalilan ne ko da aikinsa ya fi kyau. Abin gudu shi ne mujallun biya-a-buga, masu aiko saƙon imel suna kiran mutum babban masani, su karɓi dala su buga cikin mako guda babu tantancewa. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana jera sunayensu kafin ya rufe jerin a farkon 2017. Neman ƙarin girma ya jefa mutanen kirki da yawa cikinsu. Idan rabin maƙala ɗarin nan a irin waɗannan suke, can za a tura ki ke ma.

Lambar tasirin mujalla kuwa, wadda Eugene Garfield ya assasa, kamfanin Clarivate ke fitarwa duk shekara, mujalla take aunawa: matsakaicin ambaton da maƙalunta na shekara biyu da suka gabata suka samu. Tun 2012 wasu editoci da masana suka zauna a San Francisco suka tsara sanarwar DORA, cewa a daina auna mutum da ita. Kada ta ruɗe ki.

Batun haɗin gwiwa da waje, mu Kanawa mun ga iri biyu da idonmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a binciken da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a a kan izinin iyaye da takardar amincewa har zuwa sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. An zo, an ɗauki bayanai cikin 'yan makonni, an tafi. Ɗaya irin kuma shi ne aikin sikila tsakanin Jami'ar Vanderbilt ta Amurka da Asibitin Malam da Asibitin Murtala da Barau Dikko na Kaduna. An auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara masu sikila, aka zaɓi 220 da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka kwatanta ƙaramin awon maganin hydroxyurea da matsakaici, aka tarar babu wani bambanci a yawan shanyewar. Sakamakon ya fito a Lancet Haematology a 2022, sunan farko na likitan yara ne daga nan Kano, kuma an bar ma'aikatan da suka iya awon a asibitocinmu. Akwai ma na uku, wanda daga gida aka ja shi: rajistar PEACE ta ciwon zuciyar masu jego, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye, ta haɗa asibitoci a sassan Najeriya. Tun aikin likitoci Davidson da Parry a Zariya a shekarun 1970 ake ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan jego, sai ga sakamakon 2020 ya fi nuna rama, da rashin karatun boko, da rashin aikin yi, da hawan jinin masu juna biyu. Tambayar gida ce, mutanen gida suka amsa.

Saboda haka jin cewa daktan yana aiki da Turawa bai isa ba. Ki tambaye shi, cikin ladabi, wa ya kawo tambayar binciken, a ina ake gwada samfurin jinin, wa ke riƙe da bayanan, kuma ko akwai yarjejeniyar fitar da samfur kamar yadda dokar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta tanada. Idan aikin Kano bai wuce ɗibar jini a sa a firiza a aika ba, shekara uku ko huɗu za ki yi kina lakaba wa kwalabe lamba. Idan kuwa akwai na'ura a nan, ko gurbin zuwa koyo, ko kuɗin sinadarai a cikin tallafin, wannan babban abu ne, domin kowa a zauren nan ya san yadda farashin sinadarai ke bin dala.

Farfesan ma yana da nasa. Ya san hanyar tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, maganarsa tana da nauyi a sashe ranar kare kundi, wasiƙarsa tana buɗe ƙofa. Abin tambaya a kansa shi ne ɗalibai nawa ke hannunsa yanzu, da muƙamai nawa yake riƙe da su, don babi yana iya kwana wata uku a kan teburin mai yawan mitin.

Ni dai, bisa abin da kika faɗa, na fi karkata ga na biyun, da sharaɗi guda wanda ya hau kan su duka. Ki nemo sunayen ɗaliban da kowannensu ya yaye a shekaru biyar ɗin nan, ki buga su a PubMed. Ki ga ko aikin kundinsu ya fito, a wace mujalla, kuma sunan wa ya zo farko, na ɗalibin ko na malamin. Sannan ki sami biyu daga cikinsu ki zauna da su ba a harabar makaranta ba, ki tambaye su shekara nawa suka yi kafin su gama. Idan dokar sashenku ta yarda da masu duba aiki biyu, ki nemi a haɗa miki su, daktan a ɗakin gwaji, farfesan a kan takardu, amma ki fara bincikawa a hankali ko suna ga maciji da juna.