Epoxy ko polyester a jikin kwale-kwalen katako

Malam, kan tambayarka ta wanne za ka sa wajen lulluɓe kwale-kwalen katako da fiba, wato yadin zaren gilashi, tsakanin epoxy da polyester, waɗanda duk ruwan gam ne da ake jiƙa fiban da shi ya daskare, ni dai epoxy zan ce ka saya, ko da kuɗin zai ɗan taɓa aljihu.

Nawa da nake shiga kogin Kaduna da shi kamun kifi epoxy ne a jikinsa, da saƙaƙƙen yadin fiba mai nauyin giram 200 a murabba'in mita, wanda masu sayarwa ke ce wa 6 oz. Ya sha damina ya sha rani, ana jan shi a kan duwatsu, yaran bakin kogi su hau su yi ta tsalle a ciki, amma har yau in ka bi cikinsa kana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa ƙara iri ɗaya za ka ji, babu inda fiban ya saki katako. Wallahi ina ji da jirgin nan. Epoxy shiga yake cikin katakon ya riƙe shi gam, ruwa bai samun hanya, shi ya sa ma masu ƙera allon hawan igiyar teku na katako mai rami a ciki mafi yawansu shi suke sawa, sai dai su yadi mara nauyi suke so, 4 oz.

Amma fa yana da sharaɗi. Awon da kamfani ya rubuta a jikin galan shi za ka bi, wani kashi 2 na epoxy ne da kashi 1 na hadina, wato ruwan da ke sa shi daskarewa, wani 5 da 1, kar wani ya ce ka ƙara hadina don ya bushe da wuri, in ka ƙara lalacewa zai yi. Ka riƙa kwaɓa kaɗan kaɗan, don a zafin Maris ko Afrilu in ya taru da yawa a kofi da kansa yake ɗaukar zafi ya daskare kana kallo. Katako ya bushe sosai tukun, kuma da la'asar za ka shafa lokacin da gari ya fara sanyi, in ka shafa da hantsi iskar cikin katakon ce za ta yi ta fitowa tana yi maka ƙuraje a jiki. Bayan an gama sai fenti, rana tana cin epoxy in an bar shi haka.

Polyester kuwa na taɓa saya, araha ce kawai gare shi. Ya yi a gyaran bambar mota da tankin ruwa, a katako kam ɓarewa ya yi kamar ɓawon rogo.

Sannan ka kula da masu kaya, don Allah. Akwai masu ɗura polyester a jarka mara suna su ce maka epoxy ne. Ka buɗe ka shinshina, polyester warinsa har cikin kai yake hawa, kuma in suka haɗa ka da 'yar kwalbar ruwan da ake ɗigawa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari to ba epoxy ba ne. Kar kuma su lallaɓa ka da mat, wato fiba mai zare a warwatse, yawancinsa don polyester aka yi shi, saƙaƙƙe za ka ce a ba ka. Ka sayi kaɗan tukun ka gwada a guntun katako, bayan kwana biyu ka sa kurfi ka ɓamɓara, in ya taso da ƙwayar katakon a jikinsa sai ka koma ka sayi sauran.