Ƙa'idojin da Suka Bar Maharban Salahuddin Suka Yi Sari-ka-Noƙe

Wata bakwai na yi ina gama 'yan sojojin roba da gam ina musu fenti kafin na tsai da shawarar ƙa'idojin da zan yi wasa da su. Irin masu tsawon milimita 28 ne, barade masu sulke na 'yan Salibiyya a gefe guda, mahayan Salahuddin a ɗaya gefen. A nan Nottingham wannan wasa ba baƙo ba ne, don kamfanoni da dama masu ƙera sojojin a garin suke. Ana jera su a tebur, a auna tafiyarsu da tef irin na tela, a jefa dayis a ga wanda ya faɗi.

Abu ɗaya nake nema. A yaƙe-yaƙen nan ɓangarorin biyu ba salon faɗa ɗaya suke ba. Turawa sun dogara da sukuwa guda mai nauyi, su kuwa mahayan Turkawa da ke rundunar Salahuddin su yi ta zagaye suna ruwan kibau, in an biyo su su noƙe. A Hattin a 1187 ƙishirwa da wannan zagaye ne suka karya rundunar sarkin Ƙudus. Duk ƙa'idar da ba ta fito da wannan bambanci ba, to dara kawai ake yi da sojoji masu fenti.

Hail Caesar na fara dubawa. Na manyan dagage ne, yana son tebur mai faɗi da ɗaruruwan sojoji, ni kuwa ɗakina ko shimfiɗa sallaya sai na matsar da kujera. Saga, da littafinsa na zamanin Salibiyya, na buga sau huɗu. Yana da daɗi ƙwarai, amma kowace runduna tana da allonta da dayis na musamman, sai na ga idona ya fi zama a kan allon fiye da filin daga. Mai son lissafi zai ji daɗinsa.

Lion Rampant na Daniel Mersey, wanda kamfanin buga littattafai na Osprey ya fitar a 2014, shi ya zauna mini. Maki 24 ake ba kowa ya haɗa runduna, rukunin mahaya mutum shida, na dakarun ƙasa yawanci sha biyu. Da sojoji hamsin ko ƙasa da haka ka shirya. Kafin rukuni ya motsa sai ka jefa dayis biyu, in ba ka kai adadin da ake nema ba, damarka ta ƙare ke nan, sai abokin karawa. Ranar farko abin ya ba ni haushi. Sau uku a jere baradena suka tsaya ƙiƙam kamar dokin da ya ga kura.

Amma a nan gishirin yake. Barade masu sulke suna buƙatar bakwai kafin su yi tafiya, biyar kacal kafin su kai hari, kuma in maƙiyi ya shigo inda za su iya cim masa, dole a gwada su, ko kana so ko ba ka so. Wani daren Alhamis muka kwaikwayi Arsuf, inda a 1191 Richard na Ingila yake tafe daga Akka zuwa Yafa ta bakin teku, ya hana baradensa sukuwa, har mayaƙan Hospitaller, wata ƙungiyar baraden 'yan Salibiyya, da ke bayan ayari suka gaji da kibau suka ɓalle ba da umarni ba. Abokin wasana, wani dattijo mai ritaya, ya jera baradensa bayan masu baka mai kunama. Na turo mahaya shida, suka matso rabin tafiya suka yi harbi. Ya jefa dayis yana addu'ar kada su tashi, suka tashi. Nawa suka zame baya, nasa suka tsinci kansu su kaɗai a fili, kibau ta hagu da dama. Richard ya ci nasa yaƙin, dattijo bai ci ba, ya dafe kai yana dariya.

Ba komai ya yi mini ba. Dokar bugun farko ta barin tazarar inci uku tsakanin rukunai tana sa jerin gwanon tafiya ya yi kama da shanun da suka watse a kiwo, alhali matsuwar sahu ce ta ceci Richard. Ƙishirwa ma babu ita, sai da muka ƙirƙiro tamu: duk rukunin da ya yi nisa da rijiyar da muka yanka da kwali, a rage masa ɗaya a gwajin ƙarfin zuciya. Kuma faɗan 'yan kwanton ɓauna ne da rakiyar ayari, ba daga mai dubban mutane ba.

Yanzu ina fentin wasu mahaya shida. Rigunan dawakinsu na yi musu ja da rawaya irin lifidin da nake gani a hawan sallah ina yaro, dattijon ya ce bai taɓa ganin irinsu a littafi ba, na ce masa ya dai shirya baradensa ranar Alhamis.