Kirfa da kanumfari: abin dubawa kafin ka haɗa kayan ƙamshin kyauta

A Jamus, da Disamba ya kama, kasuwannin Kirsimeti ƙamshin Glühwein suke yi, wato jar giya da ake dafawa da kirfa da kanumfari da ɓawon lemu. Shi kansa haɗin babu ruwansa da giya, don yara ma ana dafa musu shi da ruwan tuffa ko na inibi, su ce Kinderpunsch. Ƙaramar kwalba cike da shi kyauta ce mai kyau ga maƙwabci Bajamushe, kai kuma ka jefa naka a shayi ko zoɓo. Waɗannan ƴan ƙunshin da ake sayarwa a haɗe a kanti kuwa, rabinsu ƙura ce, kada ka ɓata kuɗinka.

Kirfa ce uwar haɗin, kuma ni ta Siri Lanka nake saya ko da ta fi tsada. Ka duba bakin sandar: ɓawo ne siriri, naɗi kan naɗi kamar tabarmar da aka naɗe, launinta ƙasa-ƙasa mai haske. Da yatsa biyu za ka karya ta, ta ruguje. Ƙamshinta a hankali yake fita, ba ya danne na lemu, kuma ba ta da zafi a harshe ko an daɗe ana dafa ta. Wadda ake kira kasiya, ta Sin da Indonesiya da Biyetnam, ɓawo ɗaya ne mai kauri, ja-ja, sai an sa taɓarya. Ita ce kuma ke ɗauke da sinadarin kumarin mai yawa, wanda ke wahalar da hanta idan aka yawaita. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 0.1 a kowane kilo na nauyin mutum a rana, ke nan mai kilo 60 bai kamata ya wuce miligiram 6 ba.

Matsalar ita ce masu sayarwa da yawa "kirfa" kawai suke rubutawa. Idan kuma an niƙa ta, ba mai iya rarrabewa da ido, shi ya sa ba na taɓa gari. A 2023 an janye wani abincin yara na tuffa a Amurka saboda garin kirfar da ke ciki yana da gubar dalma.

A kan kanumfari ne aka taɓa cutar ni. Wani shago ya sayar mini da wanda an riga an tatse man jikinsa, baƙi ƙirin, a yamushe, ba kan nan mai zagaye. Yanzu sai na danna da farce na ga maiƙo ya fito, ko in jefa a ruwa: mai kyau yakan nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda aka tatse sai ya kwanta a sama. Na tsibirin Pemba a Tanzaniya da na Madagaska ba su cika ba ni kunya ba.

Anis mai siffar tauraro, a yi hattara ƙwarai. Akwai ɗan'uwansa na Japan mai guba, kamarsu ɗaya, har hukumar abinci ta Amurka ta ja kunne a kan shayinsa a 2003. Sai a cikin fakiti mai rubutun Illicium verum, wato sunan kimiyya na marar gubar, ban da na buɗaɗɗen buhu.

Citta dai busasshiyar Kachia ta wadatar. Ɓawon lemu kuma ka kankare farin cikinsa, ka shanya har ya riƙa karyewa, in ba haka ba kwalbar za ta yi fumfuna kafin ranar bikin.