Sharhi kan CycleBeads, Sarƙar Ƙirga Kwanaki ga Ma'aurata Kirista

CycleBeads sarƙa ce mai duwatsu 32 wadda Cibiyar Lafiyar Haihuwa ta Jami'ar Georgetown da ke Amurka ta ƙirƙiro domin ma'auratan da ke son tazarar haihuwa ba tare da ƙwaya ko allura ba. Ranar da mace ta ga jinin al'ada, sai ta ɗora baƙin zoben roba a kan jan dutse, kuma kowace safiya ta matsar da shi gaba dutse ɗaya. Duwatsu masu ruwan ƙasa suna nuna kwanakin da da wuya a ɗauki ciki, farare goma sha biyu kuwa, wato daga rana ta 8 zuwa ta 19, su ne kwanakin da ake iya ɗauka. Ko wanda bai yi karatu ba zai gane aikinta cikin ɗan lokaci, kuma babu abin da take shigarwa a jiki.

Sai dai ba kowace mace ce za ta dogara da ita ba. An yi ta ne domin wadda al'adarta ke zagayowa tsakanin kwana 26 zuwa 32, don haka mai jego da wadda kwanakinta ke yawan sauyawa su nemi wata hanya. Binciken da aka wallafa a 2002, wanda aka gudanar a Boliviya da Peru da Filifin, ya nuna cewa cikin mata ɗari kimanin biyar ne ke ɗaukar ciki a shekara idan an bi ƙa'ida sosai, amma adadin yakan kai goma sha biyu idan ana sakaci. Sarƙar kuma ba ta kare kowa daga cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa.

Abin da ya sa wannan kaya ya fi jan hankalin Kirista shi ne ya faɗo daidai inda coci-coci suka rabu. Har zuwa 1930 kusan bakinsu ɗaya a kan haramcin hana ɗaukar ciki, domin Luther da Calvin, jagororin Furotesta na farko, su ma sun la'anci abin da Onan ya yi a Farawa sura 38, wato zubar da maniyyinsa a ƙasa don kada matar ɗan'uwansa da ya rasu, wadda ya gada, ta ɗauki ciki. A shekarar ne taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth ya yarda da hana ɗaukar ciki bisa wasu sharuɗɗa, Paparoma Pius na 11 kuma ya mayar da martani kafin shekarar ta ƙare. A 1968 Paparoma Paul na 6 ya sake tabbatar da haramcin a wasiƙarsa Humanae Vitae, duk da cewa mafi yawan 'yan kwamitin da ya duba batun sun ba da shawarar a sassauta, amma ya halatta wa ma'aurata su yi la'akari da kwanakin da ba a ɗaukar ciki idan suna da dalili mai ƙarfi. Furotesta da yawa suna cewa laifin Onan shi ne ƙin samar wa ɗan'uwansa zuriya, kuma ba su yarda cewa wani shugaban coci yana da ikon ɗaure lamiri a kan abin da Littafi Mai Tsarki bai fayyace ba.

A ganina, duk wannan sa-in-sa tana taruwa ne a kan fararen duwatsun nan. Bayanin amfani da sarƙar ya ba da zaɓi biyu a waɗannan kwanaki, ko a ƙaurace wa juna ko a yi amfani da kwaroron roba. Ɗan Katolika mai bin koyarwar cocinsa na farkon kawai ya rage masa, kuma haƙurin kwana goma sha biyu a jere kowane wata ba ƙaramin abu ba ne, musamman idan miji bai sa kansa ba. Wasu Furotesta ma sukan kawo 1 Korintiyawa 7:5, inda Bulus ya gargaɗi ma'aurata kada su hana juna sai da yarjejeniya na ɗan lokaci, su tambaya ko wannan ƙauracewa ta kowane wata ta dace da gargaɗin.

Ina ba da shawarar sarƙar ga ma'auratan da kwanakin matar ke tafiya daidai, waɗanda kuma suka riga suka daidaita a kan abin da za su yi idan zobe ya hau farin dutse. Wadda likita ya gargaɗe ta cewa ciki na iya yi wa rayuwarta barazana kuwa, kada ta dogara da ita kaɗai.