Sharhi Kan Ajin PHP na Yamma a Jidda

Wata cibiyar koyar da kwamfuta a Jidda tana gudanar da ajin PHP, wani harshen rubuta manhajojin kwamfuta, bayan sallar isha'i, kuma yawancin ɗalibanta matasan Hausawa ne masu aiki da rana. Abin yabo shi ne yadda malamin ya warware batun namespace, wato tsarin ware sunaye gida-gida don kada su ci karo da juna, wanda ya shigo harshen a sigar 5.3 cikin 2009.

Ya rubuta E_ALL, wani constant (suna mai ƙimar da ba ta canzawa) da PHP ya zo da shi, a allo cikin wani namespace, ya nuna cewa PHP yana fara neman sunan a cikin gida, idan bai samu ba sai ya koma babban fili na gaba ɗaya. Wannan sassaucin na constant ne da function (tarin umarni mai suna) kaɗai, domin class (tsarin da ake ƙera abubuwa a kansa) na babban fili ba ya samuwa sai an sa masa alamar \ a gaba ko an shigo da shi ta umarnin use. Ya kuma bambance hanyoyi biyu na ƙirƙirar constant: const, wanda ke ɗaukar namespace da kansa, da define(), wanda sai an rubuta masa cikakken suna. Nan ne da yawa suke tuntuɓe.

Sai dai ya bi ta kan use const na sigar 5.6, wato hanyar shigo da constant daga wani namespace, a gurguje, kuma aikin gida ya yi kaɗan idan aka dubi kuɗin da ake biya.